Kibiya Ja, Kibiya Shuɗiya

Mushen tarihi ya zo rumfata a Zango
da taswira naɗe a hammata.
Ya ce, "Mutari, alluna tara nake so,
na ƙarfe, waɗanda gara ba ta ci.
Jar kibiya ga ƴan Gabas in sun danno,
shuɗiya ga ƴan Yamma in sun mai da martani."
Ya ajiye jika goma kafin alƙalami.

Ni da na saba zana kifi da kwalbar lemo
da kawunan samari a bangon shagon aski,
yau ga ni ina auna yaƙi da zare da alli.

Muka ɗora su a amalanken shanu
zuwa ƙauyen da aka yanke mini cibiya,
tafiyar hantsi daga Damagaram,
inda duwatsu ke zaune bisa juna
kamar wani ya tara su zai dawo ɗauka.

Allo na fari, bakin tabki: A NAN SUKA KWANA.
Na biyu, gindin gawo: A NAN SUKA RABU BIYU.
Na uku muna haƙa masa rami a gonar gero
diga ta tono kan mashi,
tsatsa ta cinye shi saura kunne ɗaya.
Mushe ya juya shi a tafi, ya kasa faɗin na wane ɓangare ne.

Gabas da Yamma, in ji taswira.
Unguwa biyu ce fa ta gari guda,
ƴaƴan wa da ƴaƴan ƙane,
tsaga ɗaya a kumatu,
har sai mutum ya yi kirari
kafin a san ko shi ne za a sara.

Wajen allo na shida tsohuwa Cima ta tare mu,
akuyarta na jan igiya.
Ta ce, "Kun kauce. Ba nan suka juyo ba,
can ne, bayan dutsen nan mai baki.
Kuma ba dabara ta juyo da su ba.
Rijiyar ce suka baro a baya,
ƙishirwa ta kora su kan masu koransu."
Mushe ya duba takarda.
Takarda ba ta taɓa jin ƙishirwa ba.

"Da dare kakata ta fito da tulu
tana bin masu nishi da lalube.
Wani ya ce, ke ƴar wace unguwa ce?
Ta ce, sha dai.
Mijinta na cikin jar kibiyarka,
ƙanenta na cikin shuɗiyar.
Takaba ɗaya ta yi, kuka biyu.
To ita wane launi za ka ba ta, mai fenti?"

Na yi shiru.
Uwata ƴar Gabas ce, ubana na Yamma.
Ko yau reza ta yanke ni
ban san ɓangaren da ke zuba ba.

Da Mushe ya tafi alwala
na karkata gwangwanin farin fenti,
ɗan abin da ya rage a gindi,
na zana tulu a bayan allon, da yatsa.
Ba ya cikin ciniki.

Bara na koma gaisuwar rasuwar Cima.
Allo biyu sun zama ragar ƙwallon yara,
ɗaya ya zama murfin akurki,
na bakin tabki ana ɗaure jaki a ƙafarsa.
Rana ta lashe jan, ta lashe shuɗin,
kibiyoyin sun koma launin toka,
ba mai gane wa ya danno, wa ya rama.

Na zagaya bayan na shida.
Wajen inuwa ne, rana ba ta kai can.
Tulun na nan fari fat,
har da shatin yatsana a wuyansa,
kuma wani yaro, ban san ɗan wace unguwa ba ne,
ya ƙara masa moɗa da gawayi.